Mutanen Lamba Sha Ɗaya

Litinin, ƙarfe tara na safe

Ya fita bai sha shayinsa ba. Na bi shi da kofin har bakin matakala, ya ce, "Shanye abinki, 'yar littafi, cikina a cike yake." Ƙarya ce. Tun jiya da mai ginin ya kira shi bai ci abin kirki ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zuciyata ta daina kai da komo. Ginin nan hawa uku ne, fulat goma sha biyu, huɗu a kowane hawa. Mijina ne dillalin da aka damƙa wa makullan. Mu muna lamba tara, can sama, kuma ba ma biyan haya, zaman namu cikin ladan aikinsa yake. Wata bakwai ke nan, masu biya biyu ne tak: Anti Nas a lamba biyu, da direban babbar mota a lamba biyar, wanda sau uku na taɓa ganin fuskarsa. Mai ginin ya ba shi sati huɗu. In masu biya ba su kai shida ba, zai karɓe makullansa ya ba wani. In makullai suka tafi, lamba tara ta tafi. In lamba tara ta tafi, sai ɗakin bayan gidan Yayansa.

Ba zan koma ɗakin nan ba. Na rubuta, na ja layi a ƙasa.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na karanta shafi guda sau huɗu ban san me ya ce ba. Yarinyar littafin tana tsaye a tasha tun jiya, na kasa ɗora ta a mota.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ya kawo wasu mata da miji su duba lamba uku. Na leƙa daga sama ina jin su. Mijin ya ƙwanƙwasa bango, ya murɗa famfo, ya ce ginin ya ginu. Matar kuwa tsayawa ta yi a tsakar gida tana ɗaga kai, tana bin tagogi ɗaya bayan ɗaya.

"Malam dillali, ina mutanen gidan?"

"Suna zuwa, Hajiya. Sabon gini ne."

"Wata bakwai sabo? To in wani abu ya same ni da rana na yi ihu, wa zai ji, tankin ruwa?"

Suka ce za su kira. Duk haka suke cewa.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Na tambaye shi don me mai ginin ba zai rage kuɗin ba kawai. Ya yi irin dariyar da yake yi in ya ga ban san duniya ba. Ya ce a wannan gefen gari, cikin kowane fulat goma na sabbin gine-gine, huɗu a kulle suke, ƙura kawai ke kwana ciki. Amma haya ta ƙi sauka. Mai ɗaki biyu da falo yana cin kusan rabin albashin ƙaramin ma'aikaci, ko'ina ka shiga farashin ɗaya ne, kamar sun haɗa baki. Wai in mai gini ya sauke wa mutum ɗaya, sai kowa ya ji, sai darajar ginin ta faɗi. Gara masa ƙofa a kulle.

Na ce, "To mutane a ina suke kwana?"

Ya ce, "A ɗakunan bayan gidajen yayyensu."

Bai yi nufin ya faɗa ba. Ya ɗauki makullansa ya fita.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Na goge tagar falo, na sake gogewa. Daga nan ana ganin rufin gidaje har can inda motocin haya ke juyawa, kuma da hantsi rana tana shigowa ta kwanta a kan bangon da na jingina littattafaina. A ɗakin bayan babu taga, sai wata 'yar kafa da ke kallon injin wuta. Ba zan rubuta maganar ɗakin nan ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Na sauka wajen Anti Nas in mayar mata da dutsen guga. Na same ta ta tsoma ƙafafu cikin ruwan ɗumi, ta dawo daga aikinta na asibiti. Na ba ta labarin matar da ta ce wa zai ji ihunta.

Ta ce, "Gaskiyarta. Ni ma da ban ga labulenki a sama ba ranar da na zo dubawa, da ban kama ba. Na ce to, akwai mace a gidan."

Na ce, "Labulena?"

"Wannan shuɗin mai ganye. Shi ya ci kuɗina, ba mijinki ba."

Na hau sama ban ji matakalar ba.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Yana barin makullan ajiya a cikin gwangwanin madara a saman firij. Na daɗe da sani.

Ina da labule shida da aka kawo ni da su, biyu kawai na rataya. Ina da zannuwan gado. Na fara da lamba huɗu, wadda tagarta ke kallon titi. Ƙura ta sa ni atishawa har hawaye. Na rataya ruwan ƙasan nan mai layi-layi, na koma baya na kalle shi, sai kawai na san mai ɗakin: malamin makaranta ne, gwauro, mai tari, yana gyara takardun yara da jan biro. Na ajiye masa tsohon takalmin mijina a bakin ƙofa, ɗaya ya ɗan karkace, kamar ya cire da sauri.

Lamba bakwai ta wasu mata biyu ce, ya da ƙanwa, ɗinki suke yi, ba sa shiri amma ba sa iya rabuwa. Na ba su jan labule. Na sa musu tsintsiya da bokiti a baranda.

Rabon da in ji daɗi haka na manta.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Ya tsaya a bakin get ya ɗaga kai. Ya daɗe. Da ya hau ya ce, "Waye a lamba huɗu?"

Na ce, "Malam ne. Kada ka dame shi, jarrabawa ta kusa."

"Ke, lafiyarki kuwa?"

"Kai dai ka kawo mutane."

Ya ce wannan ha'inci ne. Na ce ni ban ce wa kowa komai ba, labule na shanya. Ya ce littattafan nan sun gama da ni. Amma bai ce in cire ba, kuma ya cinye abincinsa tas.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Anti Nas ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ba ni takalma ƙafa biyu da wani tsohon ɗankwali, wai na ƙanwar mai ɗinki. Ta ce, "Ki gaya wa Malam in tarin ya yi yawa ya leƙo in duba shi."

Saura sati uku.

Litinin, ƙarfe sha biyu na rana

Barandar lamba sha ɗaya ita ake fara gani daga kwanar titi. Labule kawai bai isa ba, tana son shanya. Gidan da babu shanya ba gida ba ne. Na rataya tawul, na rataya riga, na sauka har titi na duba. Bai yi ba. Kamar ɗakin baƙo.

Na san abin da ya rage. Tun safe na sani.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na sauko da jakar da ke saman kabad.

Talata, ƙarfe tara na safe

'Yan riguna shida. Safa ƙafa uku. Hula ruwan ɗorawa. Har yanzu da takardar shago a jikin biyu, na cire da haƙori. Na wanke su duk da ba su da dauɗa, don su yi kama da abin da aka sa. Na jera su a igiya daga ƙarama zuwa babba, iska ta riƙa ɗaga hannayensu.

Mutanen lamba sha ɗaya mata da miji ne da 'yarsu. Mijin yana dawowa da wuri. Yarinyar ba ta da rigima, sai in tana jin yunwa. Uwar tana ɗora ta a kafaɗa ta nuna mata motoci.

Ban ba yarinyar suna ba. Ta riga tana da shi.

Talata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba. "Wa ya ce ki taɓa jakar nan?"

Na ci gaba da yanka albasa.

Ya tsaya a bayana har na gama. Sai ya shiga wanka, ya bar famfo yana zuba, ya daɗe ƙwarai.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

An kama lamba uku! Wani mai gyaran waya da matarsa. Ina jin matar tana cewa, "Ka ga har da masu jariri, gidan mutunci ne." Dillalina ya dai miƙa takarda. Uku ke nan.

Na yi rawa ni kaɗai a kicin, sai kuma na zauna a ƙasa.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Kullum da safe ina zagayawa. In buɗe wa Malam labule rabi, in juya takalminsa, in matsar wa masu ɗinki bokiti, in sauya shanyar sama. Da yamma in rufe. Aiki ne sosai, mutum uku da iyali ba wasa ba. Matar mai gyaran waya ta tare ni a matakala ta ce ba ta taɓa jin kukan jaririn sama ba. Na ce ai yarinyar haƙuri gare ta.

Ya fito daga bakina da sauƙi. Wannan ne ya ba ni tsoro.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Lamba shida ta tafi, wasu 'yan'uwa biyu masu aiki a kamfanin robobi. Huɗu.

Matar Yaya ta bugo. Wai ta ji ana cewa ƙila mu dawo, shin ta kwashe buhunan da ta zuba a ɗakin ne ko ta bari tukuna? Muryarta zaƙi-zaƙi. Na ce ta bar buhunanta su huta.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Na je mayar da littafi na ɗauko wani, ruwa ya tsare ni a shagon hayar littattafai fiye da awa ɗaya. Duk hankalina yana kan igiya. Na dawo a jiƙe, na haura da gudu, na tarar igiyar lamba sha ɗaya babu komai. Na buɗe ƙofa.

Kayan suna kan dakalin taga, a bushe, a ninke. An ninke su ba daidai ba, hannu ɗaya ciki ɗaya waje. Hular tana sama.

Mu biyu ne kawai ke da makulli.

Da ya dawo ban ce ba, bai ce ba.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Na yi wauta. Bari in rubuta tun tana da zafi.

Wata mata ta zo da fayil da biro a ɗaure da zare, ta ce daga ofishin da ke ƙidayar gidajen haya take, duk wata uku suna zagayawa su ji nawa ke da mutane, nawa ke kulle, nawa ake biya. Ba kowa sai ni. Na ba ta ruwa, ta cire takalmi tana murza yatsu. Ta ce fulat nawa ne da mutane?

Da na ce biyar har da mu, da shi ke nan. Amma ta riga ta nuna sama da biro ta ce, "Na ga akwai mai jego." Sai na ji kaina ina cewa takwas. Ban tsaya nan ba. Na ba ta labarin tarin Malam, da faɗan masu ɗinki a kan almakashi. Ta yi ta dariya.

Ta ce, "Gidanku da rai. A layin nan yau gida uku na shiga, duk an ce mini sun kusa cika. Ikon Allah, wata uku da suka wuce kamar maƙabarta."

Na ce, "Kina shiga ki duba?"

"Ni? Abin da aka faɗa mini nake rubutawa, ƙanwata. Sai dai mukan kira mai gini mu tabbatar."

Ta sa takalminta ta tafi. Kofin ruwanta yana nan inda ta ajiye.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ban gaya masa ba.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ban gaya masa ba. An kama lamba takwas. Biyar. Ya sayo mini sabon littafi da kansa, irin wanda yake cewa ya gama da ni. Na kasa buɗewa.

Juma'a, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Waya ta yi ƙara yana ɗaure igiyar takalmi. Na ji muryar mai ginin tun daga kicin. Dillalina sai "Ranka ya daɗe" yake, "a'a, ranka ya daɗe, wallahi biyar ne," "ban sa kowa a ɓoye ba." Da ya kashe ya dube ni.

"Takwas?"

Na ce, "Ita ta fara ganin shanyar."

"Kin san abin da yake zato? Zato yake na zuba mutane ina karɓa a aljihuna. Shekara shida ina wannan aiki ba a taɓa ce mini ɓarawo ba."

Ba ihu ya yi ba. Da ma ihun ya yi.

Gobe mai ginin zai zo da kansa.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Na je in cire komai. Na tsaya a lamba huɗu hannuna a kan labule. In na cire, me zai nuna masa? Sai ya ce mutanen aka kwashe. Na bari.

Na share gidan nan sau uku yau.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Ya zo, ya tafi.

Gajere ne, ban zata ba. Yana haki a matakala. Ya ce a buɗe huɗu. Aka buɗe: ƙasa fayau, labule ɗaya, sawun ƙafata a cikin ƙura. Ya dubi takalmin bakin ƙofa, ya dubi ƙafar mijina. A buɗe bakwai. Bokiti, tsintsiya, ɗankwalin Anti Nas a kan ƙusa. Da muka isa sha ɗaya na tsaya a bakin ƙofa ban shiga ba.

Ya fito baranda ya kalli 'yan rigunan, sai ya fara dariya. Ya yi ta yi har da tari, ya dafa bango.

"Wa ya yi wannan?"

Mijina ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai? Kai da ko allon talla ba ka iya rataya shi daidai ba? 'Yata, ke ce ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Wata bakwai ina biyan talla a banza, ashe zanin gado ne maganin. Kada a cire ko ɗaya. A ƙara ma."

Ya taɓa hular da yatsa ya ce har da kayan jarirai aka sayo, lallai an yi dabara. Mijina ya matsa ya tsaya tsakaninsa da igiyar. Shi ke nan abin da ya yi, amma na gani.

Ya kamata in ji daɗi. Me ya sa ban ji ba?

Litinin, ƙarfe tara na safe

An faɗa a rediyo. Fulat da ke kulle a gefenmu sun ragu, daga huɗu cikin goma zuwa uku, kuma matsakaicin kuɗin haya ya ɗan ɗaga. Mai sharhin ya ce alama ce ta kasuwa ta farfaɗo. Na tuna gidaje ukun nan na layinmu da matar ƙidaya ta ce sun kusa cika. Na leƙa ta taga na ƙare wa ginin da ke kallonmu kallo. A hawa na biyu akwai wani koren labule da ban taɓa ganin ya motsa ba.

Ko akwai wata irina a can?

Talata, ƙarfe shida na yamma

Lamba ɗaya ta tafi. Shida. Shida! Saura kwana biyar wa'adin ya cika.

Na dafa abin da ya fi so. Ya ci kaɗan. Ya ce mai ginin ya ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan duk wanda zai shigo daga yau, tunda rediyo ma ta faɗa. Na ce to ina ruwanmu, mu dai mun cika shida. Ya ce, "Haka ne." Ya tashi ya wanke kwanonsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Akwai abin da bai faɗa ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Wasu sun zo, saurayi-saurayi da matarsa, da jaririya a kafaɗa, wata biyu ko uku. Sama suke so. Ya nuna musu goma, tagarta bango take kallo. Ya nuna musu sha biyu, tana jikin tanki, akwai danshi. Ina jin su a baranda. Matar ta ce, "Mu fa saboda masu jaririn nan muka zo. Kullum in mun wuce a mota sai na ce masa, ka ga can, ga wadda za mu riƙa hira, yaranmu su tashi tare."

Sai na ji an ƙwanƙwasa ƙofata. Tawa. Shi ne, da makullai a hannu, yana ƙwanƙwasa ƙofar gidansa kamar baƙo.

"Suna so su ga yadda hasken wannan gefen yake."

Na matsa. Matar ta wuce kai tsaye wajen taga. Rana ta kusa barin bangon littattafai. Ta ɗaga yarinyar ta nuna mata motoci.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Na sa shi a gaba sai da ya faɗa. Tun ranar Asabar, a bakin mota, mai ginin ya gaya masa. Makullai suna nan a hannunsa, aikinsa yana nan. Amma gini mai mutum shida ba ya buƙatar a zaunar da kowa kyauta. Lamba tara ita ce mafi kyau a sama, ko mu biya sabon farashi ko mu ba da wuri.

Na ce, "Amma ai ya ce in sun kai shida."

"Ya ce in ba su kai ba zai karɓe makulli. Bai ce in sun kai za mu zauna ba. Ni ne ban tambaya ba."

"To da ma don me ya sa mu a nan?"

Ya kalli shuɗin labulena mai ganye. Tun kafin Malam, tun kafin masu ɗinki, an riga an rataya wasu a tagar sama don masu wucewa su ce akwai mutane a gidan.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Sabon farashin ya fi abin da yake samu a wata mai kyau. Ba sai an yi lissafi ba.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na karanta littafin da ya sayo mini, daga farko har ƙarshe, a tsaye. A shafin ƙarshe wani kawu da ba a san da shi ba ya mutu ya bar musu gida. Na wurga shi bayan kujera. Na ɗauko na goge shi.

Matar Yaya ta bugo sau biyu. Ban ɗauka ba.

Asabar, ƙarfe sha biyu na rana

Na ce ya kira mini mai ginin. Ya ce me zan ce masa? Na ce ya dai kira. Na riƙe wayar da hannu biyu.

Na taɓa jin mijina yana cewa mutumin ya gama wani gini can bayan tashar jirgin ƙasa, fulat goma sha shida, ba kowa ciki ko ɗaya. Na gaishe shi, na ce, "Baba, wancan ginin naka, wa zai rataya masa labule?"

Sai ga dariyar nan mai tari. Ya ce, "Dillali, ka auri 'yar kasuwa ka ɓoye ta a kicin." Ya ce mu koma can, a kan sharaɗin da. Na ce ni zan zaɓi fulat ɗin. Ya ce in zaɓa. Na ce kuma in ya cika, wata biyu za a ba mu, ba 'yan kwanaki ba, kuma a rubuta. Ya ce, "Ji 'yar nan!" Amma ya ce to.

Na san me na karɓa. In na yi aikina da kyau, can ma za a tashe mu. Amma akwai taga.

Da na miƙa masa wayar ya riƙe hannuna tare da ita, ya ce, "'Yar littafi."

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na bugo wa matar Yaya na ce ta ƙara buhuna.

Anti Nas ta ce ba ta yafe mini ba, wa zai riƙa aron dutsen gugarta ya manta? Ta ce Malam ya tafi bai biya ta kuɗin maganin tari ba. Muka yi dariya, ta share ido da bakin mayafi.

Talata, ƙarfe goma na safe

Kwalaye ko'ina. Mai ginin ya ce a bar labulen, na ce kayana ne, ya sayi nasa. Na sauke na Malam na ninke tare da takalminsa. Na sauke jan na masu ɗinki.

Ina lamba sha ɗaya, ƙofa a buɗe, ina cire maƙalan shanya, sai ga matar da ta kama gidanmu, ta zo auna tagogi. Ta leƙo da fara'arta tana cewa, "Salamu alaikum, maman bebi, yau dai na kama ki." Sai ta ga ɗakin. Ƙasa fayau. Ni kaɗai, da 'yan riguna a hannu.

Ta ce, "Sun tashi ne?"

Ina da labari a shirye. An yi wa mijin canjin wurin aiki, sun tafi da asuba, sun bar mini sallahu. Har ya zo bakina.

Na ce, "Ba kowa a nan. Ba a taɓa yin kowa ba. Kayan nawa ne."

Ta dubi rigunan, ta dube ni, ta dubi cikina. Ba ta tambaya ba. Allah ya saka mata, ba ta tambaya ba. Ta gyara yarinyar a kafaɗa ta ce, "Riƙe mini ita in auna tagar can."

Babu abin da za ta auna a lamba sha ɗaya. Na riƙe. Tana da nauyi, ban san suna da nauyi haka ba. Ta kama ɗan yatsana ta kai baki.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Motar kaya ta iso, mijina yana ta kirana daga ƙasa.

Na bar rigunan shida da safa a kan dakalin tagar falo, inda rana ke fara sauka, na ninke su irin ninkinsa, hannu ɗaya ciki ɗaya waje. Nan da wata ɗaya za su yi wa yarinyar daidai. Hular tana cikin jakata.

Malam da masu ɗinki suna kwali na uku, za su bi mu. Mutanen lamba sha ɗaya ba za su zo ba.